Wasiƙa Zuwa Fatakwal Kan Hondar Baba

Tudun Wada,
Zariya.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya Fatakwal da ruwanta? Mu nan ruwa ya ɗauke, hunturu ya fara leƙowa, da asuba sai da rigar sanyi. Na je gaida Hajiya ranar Juma'a, tana nan lafiya lau, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Ta ce ka riƙa kiranta da rana, don yanzu da wuri take kwanciya.

Dalilin rubutun shi ne amanar da ka bar mini, Hondar marigayi Baba, Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna ce makomarsa. Akwai shawarar da kai kaɗai za ka yanke, kuma maganar ta fi ƙarfin kiran waya, shi ya sa na zauna na rubuta maka dalla-dalla.

Inji dai ka kwantar da hankalinka, ƙalau yake. Ka san CD175 ce, irin wadda Honda ta ƙera daga 1967 zuwa 1979, silinda biyu, kafireto ɗaya, kuma har yau in ta tashi sautinta bai canza ba. Matsalar duk a wuta take. Da rana tana tafiya. Da dare kuwa, kana kunna fitila, kafin ka tashi daga Kwangila ka kai Samaru hasken ya koma ja kamar garwashi, hon ya shaƙe, inji ya fara yankewa. Dalilin yankewar shi ne, wannan babur daga batir filoginsa ke samun wuta, ta koyil ɗin filogi da kwantak, wato 'yan ƙarafan da ke buɗewa suna rufewa don filogi ya yi tartsatsi. Batir na yin sanyi, tartsatsin filogi ya yi sanyi, sai turi.

Duk wanda ya leƙa sai ya ce koyil ɗin caji ne ya ƙone, a cire a sake naɗi. Ban yarda ba. Naɗin da ya fito daga Japan, in aka warware shi, ba a mayar da kamarsa, kuma ba a hukunta abu kafin a auna shi. Sai na kai ta wurin wani dattijo mai rewaya a Sabon Gari, wanda a kan irin waɗannan babura ya koyi sana'a. Da ya gan ta sai da ya miƙe tsaye, ya shafa tankin, ya ce, "Ɗana, rabona da irin wannan an daɗe." Ya ɗauko mita, muka fara tun daga tushe.

Batirin mai bolt 6 ne, gida uku, kowane gida kimanin bolt 2.1, saboda haka cikakken caji 6.3 ne. In inji na aiki an ɗan ja totur, ya kamata mita ta nuna kusan 7. Namu, da fitila a kunne, ko 6 bai kai ba. Wato babur yana ci daga batir ne, ba ya mayarwa. Muka koma kan wayoyi ukun da ke fitowa daga gefen inji, rawaya da fara da ruwan hoda. Tsakaninsu wuta na wucewa yadda ya kamata, kuma babu wadda ta taɓa bodi. Da muka tayar da inji muka auna wutar da suke bayarwa, tana hawa sosai da an ja totur. Koyil lafiyarsa lau. Maganaɗisun ma bai mutu ba. Malam, wato dattijon nan, ya gargaɗe ni kada in bari kowa ya buge shi da guduma wajen cirewa, don duka da zafi suna rage masa ƙarfi, akwai abin zare shi na musamman.

Ɓarnar muka tarar da muka buɗe ƙoƙon fitila. Wallahi da ka gani da ranka ya ɓaci. Zanzaro ya yi gini a ciki. Wayoyi kuwa an yanke, an murɗe da hannu, an naɗe da salatif ɗin da ya narke ya zama danƙo, kana taɓawa yana bin yatsa. Wani wuri an ɗora wayar gida mai sili ɗaya, wadda girgiza ke karyawa. Kawunan jonin nan masu kama da harsashi duk sun yi tsatsa kore. Ba na zargin kowa, shekaru ne masu yawa, kowane mai gyara ya yi abin da zai kai Baba gida a ranar. Amma a babur mai bolt 6 irin wannan ɗaure-ɗauren kisa ne. Duba lissafin: ƙwan fitila mai wat 25 yana jan sama da amfiya 4 a bolt 6, alhali a bolt 12 rabin haka zai ja. Yawan abin da ke bi ta waya, yawan asarar da ake yi a kowane joni mai tsatsa. In rabin bolt ya salwanta a hanya, kashi ɗaya cikin goma sha biyu na wutarka ke nan ya tafi, kuma wannan rabin bolt ɗin shi ne tazarar da ke tsakanin batir mai caji da batir mai mutuwa.

Mafi muni ita ce wayar at, koriyar nan da wuta ke bi ta koma batir ta jikin firam. Inda aka ɗaure ta a firam, wani ya taɓa fesa fenti, sai ya zama a kan fenti da tsatsa take zaune, ba a kan ƙarfe ba. Malam ya goge wurin da samfefa har ya yi ƙyalli, ya ɗaure da sabon noti, ya shafa giris don kada ruwa ya shiga. Sannan muka ja sabuwar waya mai kauri daga batir kai tsaye zuwa jikin inji, wata kuma zuwa cikin ƙoƙon fitila, don kada wutar fitila ta riƙa bi ta boris ɗin wuyan babur tana neman hanyar komawa. Wannan kaɗai, kafin mu taɓa komai, ya sa fitilar ta farfaɗo.

Sai rektifaya, mai juya wutar koyil ta zama irin wadda batir ke karɓa. Ta asali ce, mai faranti-faranti ja-ja, ta sinadarin seleniyam. Irinsu in sun tsufa suna cin wuta da yawa a hanya, kuma suna barin cajin batir ya zurare baya ko babur na ajiye. Shi ya sa kake cewa in ta kwana biyu ba a hau ba sai batir ya mutu. In kuma suka ƙone hayaƙinsu guba ne. Mun cire ta, mun sa ta silikon, 'yar murabba'in nan mai ƙafa huɗu da masu gyaran rediyo ke sayarwa, muka ɗaure ta a jikin ƙarfe inda iska ke bugawa.

Wajen sayen waya na tsaya kai da fata. Kasuwa ta cika da wayar da sama jan ƙarfe ne, ciki alminiyam. Ka kankare silin da reza, in ka ga fari a ciki ka ajiye musu abarsu. Mun sami ta jan ƙarfe zalla mai sili da yawa, mai lambar kauri 2.5 ga layin caji da na at, mai 1.5 ga sauran. Na kuma nace a bi launin Honda yadda yake: ja daga batir, ja mai ratsin fari daga rektifaya, baƙa bayan makulli, kore at. Malam ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya ce duk wanda zai buɗe babur ɗin nan gaba zai yi mana addu'a. Fis ɗin gilashi da aka cusa wa takardar sigari mun cire, mun sa irin na mota mai amfiya 15, dab da batir.

Yanzu tana caji, kuma na hau ta da dare har Shika na dawo ba ta yi ko tari ba. To ga inda shawara take.

Babur ɗin nan ba shi da regileta, wato abin da ke tsayar da caji in batir ya cika. Dabarar da aka yi masa ita ce, farar wayar nan ba ta shiga aiki sai ka kunna fitila, makunnin ne ke haɗa ta da rawaya don caji ya ƙaru. Dabara ce mai kyau a zamaninta, amma ba ta san batir ya cika ba. A doguwar tafiya da rana, musamman yanzu da sabuwar rektifaya ba ta cin wuta, batir na iya tafasa ya ƙone ruwansa, balle a zafin bazara. Gyaran da ya dace shi ne a haɗe fara da rawaya dindindin, a sa regileta mai rektifaya a ciki, ita ta riƙa tsayar da caji. Sai dai mai bolt 6 ta yi wuya a nan. Na zaga Sabon Gari, na sa an duba mini Panteka a Kaduna, ba a dace ba. Batir da ƙwan fitila masu bolt 6 ma sai an tona, tunda Boxer da sauran baburan da suka cika gari duk 12 ne.

Ra'ayina shi ne mu mayar da ita bolt 12. Koyil ɗin cajin zai iya, don wutar da yake bayarwa ta wuce haka da an ja totur, illa dai a silo, wato in inji na aiki ba a ja totur ba, ba za ta yi caji sosai ba. Abin da za a canza: batir, ƙwayaye duka, hon, abin kiftawar sigina, da koyil ɗin filogi. A nan ne ake son kula. Dole koyil ɗin ya zama mai baki biyu kuma na kwantak, don na CDI, irin na baburan zamani marasa kwantak, zai ja wuta da yawa ya ƙone kwantak ɗin. Regileta ma ba kowace ba. Ƙananan nan da ake sa wa baburan da fitilarsu ke ci kai tsaye daga inji ba su dace da wannan naɗin ba, sai mai karɓar wayoyin koyil biyu, rawaya da ruwan hoda. In an sa ta, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4, kuma ba a tayar da inji batir a cire. Fitilar baya da sigina zan so mu sa ƙwayayen LED don rage ci, amma gaba a bar ƙwai irin na da, shi ya dace da madubin fitilar.

Na san abin da zai tsaya maka a rai, cewa an taɓa kayan Baba. Ni ma na yi wannan tunanin. Amma daga waje ba abin da zai canza, ba za a huda firam ba, ba za a yanke komai na asali ba. Duk abin da muka cire, har tsohuwar rektifayar, na adana a cikin gwangwani da takarda a jikin kowanne, ranar da ka so a mayar sai a mayar. Kuma Baba hawanta yake yi, masallaci, kasuwa, gona, ɗaurin aure. Na fi so ta ci gaba da fita, a kan ta zauna a zaure don an rasa ƙwan fitila.

In ka fi so ta zauna a 6, ba laifi, sai ka duba mana regileta mai bolt 6 a can ko ka sa a nemo a Legas. Kafin nan zan riƙa tafiya da fitila a kunne in hanya da nisa, ina kuma duba ruwan batir. Lissafin abin da aka kashe na rubuta daban, zan ɗauki hotonsa in tura maka tare da hoton cikin ƙoƙon fitilar kafin gyara da bayansa. Ka tambayi Hajiya ko littafin babur ɗin yana cikin akwatin Baba, akwai zanen wayoyi a ciki da Malam yake so ya gani kafin mu ci gaba.

Ka ba ni amsa kafin ƙarshen wata, don Malam zai tafi ƙauye girbi. Iyalina suna gaishe ku. Ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka amini,
na Tudun Wada.