Fim Ɗin Soyayya a Lokacin Yaƙi: Inda Half of a Yellow Sun Ya Dace da Inda Ya Yi Tuntuɓe

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan fim ɗin Half of a Yellow Sun, wanda marigayi Biyi Bandele ya ba da umarni, aka fara nuna shi a Toronto a 2013. Ba sabon fim ba ne, amma masu shirya fina-finanmu na Hausa da ke sha'awar haɗa soyayya da tarihi za su ƙaru da shi, musamman ta wajen kurakuransa.

Labarin wasu tagwaye ne mata, Olanna da Kainene, da mazan da suke so, daga ranar samun 'yancin kai a 1960 har ƙarshen yaƙin basasa a Janairun 1970. Ƙarfin fim ɗin yana cikin gidajen da iyalin suka zauna. An fara da gidan masoyin Olanna, malamin jami'a a Nsukka, mai falo da littattafai da baƙi kullum. Da yaƙi ya matso suka yi ta ƙaura, kowane masauki ya fi na baya ƙunci, kayan ɗaki suna raguwa. Mai kallo yana auna tsananin yaƙin da idonsa, ba sai wani ya tsaya yana jawabi ba. Haka ma fitowar da jirgin yaƙi ya yi ruwan bama-bamai ana tsakiyar bikin aure. Ta fi a ce an tara sojoji ɗari biyu suna harbi a daji, domin waɗanda bam ɗin ya tarwatsa mutane ne da muka riga muka sani. Ƙarshen ma bai yi wa mai kallo ƙarya ba: Kainene ta tafi fatauci ta tsallaka bakin daga, ba ta dawo ba, kuma ba a gaya mana abin da ya same ta ba. Gidaje da yawa haka yaƙin ya bar su.

Matsalar tana wajen rabon lokaci. Ƙa'idar masu rubutun fim ita ce shafi ɗaya yana cin kimanin minti ɗaya. Fim ɗin minti 111 ne, littafin Chimamanda Adichie da aka ɗauko labarin ya haura shafi 400, ga shekara goma da za a ratsa, ga manyan 'yan wasa biyar. Sai aka kashe kusan rabin lokacin a kan kishi da cin amana da rigimar uwar miji, yaƙin wata 30 ya samu ragowa. Don cike giɓi aka riƙa sako taswira da tsofaffin hotunan labarai. Taswira tana gaya maka inda mutum ya koma, ba ta sa ka ji nauyin kayan da ya ɗauka a ka. Ugwu, yaron gida wanda a littafin da idonsa ake ganin rayuwar talaka, an mayar da shi ɗan rakiya. Yunwa da ciwon tamowa da suka kashe yara ba adadi kuwa, kusan a bakin 'yan wasa kawai aka ji su, jikinsu da tufafinsu ba su nuna ba. Wannan ya dame ni ƙwarai, don shi ne ainihin abin da fararen hula suka sha.

Batun Arewa ma an bi ta kansa a gurguje. Kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo a 1966 sun faru, kuma ba laifi ba ne a nuna su. Sai dai kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a ranar 15 ga Janairu na wannan shekarar ya wuce kamar sanarwa, ba a shiga gidan ɗan Arewa ko ɗaya an ga yadda aka karɓi labarin ba. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta jinkirta fitowar fim ɗin daga Afrilu zuwa Agustan 2014, amma jinkiri ba ya cike wannan giɓin. Namu masu fim ne za su cike shi, da adalci ga kowane ɓangare.

Wurin ɗauka ma muna da shi. Layin dogo ya iso Gusau da Ƙaura Namoda tun 1929, kuma tashar jirgi wuri ne na sallama da jira. Matar soja, surukarta, da maƙwabcinsu ɗan Kudu ma'aikacin reluwe sun isa labari. A taƙaita shi a shekara biyu ko uku da mutum uku, kada a kwaso shekara goma.

Wanda zai yi kuma ya kiyaye zamani. Naira ba ta zo ba sai 1973, don haka ciniki da fam da sule da sisi da taro za a yi. Motoci a hannun hagu suke tafiya har Afrilun 1972, sitiyarinsu yana dama. Babu Jihar Zamfara sai 1996, babu Jihar Sakkwato sai 1976. Daga Mayun 1967 sunanmu Jihar Arewa maso Yamma. Kafin a kunna kyamara a share ledar ruwa, a kauce wa eriyar waya da rufin kwano mai launi da ƙarar babur. Labarin bakin daga ta akwatin rediyo da wasiƙa yake zuwa, kuma wanda bai yi boko ba sai an karanta masa, wannan kansa fitowa ce mai taɓa zuciya. Kowane babban ɗan wasa a ɗinka masa kaya iri ɗaya har kashi uku: sabo, wanda ya koɗe, da wanda ya sha faci. Ana koɗar da yadi da yawan wanki da shanya a rana, a jiƙa fari a ruwan shayi ya dafe. Wanda ya sha facin a ɗan ƙara masa girma, don rama ta fito ba tare da an sa ɗan wasa ya ƙaurace wa abinci ba. Mai kula da kontiniti kuma, wato daidaituwar kaya da kamanni daga wata fitowa zuwa wata, ya rubuta wata da shekarar kowace fitowa a gefen takarda, tunda ba a jere ake ɗauka ba.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
Gusau, Jihar Zamfara