Wuƙar Aljihu Kayan Aiki Ce, A Raba Ta Da Makamin Kauraye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani ƙaramin abu da ke cikin aljihun ɗimbin masu neman halali a Jihar Katsina, wato wuƙar nan mai naɗewa, wadda a 'yan shekarun nan mutum ke ɗaukarta yana ɗar-ɗar. Tun da ƙwacen waya da ta'asar kauraye suka yi ƙamari a garuruwanmu, duk wanda aka laluba aka sami ƙarfe mai kaifi a jikinsa sai a fara yi masa kallon mai laifi tun kafin a tambaye shi sana'arsa. Ba na zargin masu bincike da mugun nufi, domin wanda ya taɓa ɗaukar gawar yaron da aka soke saboda waya ba zai ƙara yi wa wuƙa kallon wasa ba. Damuwata ita ce talaka bai san wata ƙa'ida bayyananniya da ta raba wuƙar aiki da wuƙar ɓarna ba, sai lamarin ya dogara ga fuskar wanda ya tare ka da yadda ya tashi a ranar.

Ni mai sayar da hatsi ne a Daura, kuma da wuya in yi wuni ban buɗe wuƙata ba. Wanda bai san sana'ar ba yana zaton tsaga buhu ake yi, alhali ƙullin zaren da ke gefe ɗaya kawai ake datsewa da tsinin wuƙa, a ja zaren ya warware, buhun ya fito lafiya a sake zuba masa kaya, a yanzu da kuɗin buhu kansa ya zama abin lissafi. Mai gyaran wuta da ita yake fere waya, mai rake da mai lemo da ita suke cin abinci, direban babbar mota da ita yake yanka igiya da robar ɗaurin kaya. A tsangaya kuwa, ka tsaya ka kalli alaramma yana feƙe alƙalami: ya dafe karan da babban yatsa, ya shafto bakin a hankali daga gefe biyu, sannan ya yi masa 'yar tsaga a tsakiya domin ya riƙe tawada. Reza ba ta yin wannan aiki da kyau, wuƙar kicin kuma ta yi masa girma.

Amma inda rashin wuƙa ya fi ciwo shi ne wajen masu dabbobi. Duk mai bin hanyar kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ya san yadda ake cunkusa raguna da awaki a mota, kuma ya san cewa idan zafi da matsi suka galabaitar da dabba, 'yan mintoci ne tsakanin nama na halal da mushe. Na ga an tsayar da mota a gefen titi rago yana shure-shure, ana ta kiran wa ke da wuƙa, mutane suna duban juna, domin wanda ya saba tafiya da ita an karɓe masa a wani shinge da safe. Kafin a samo wata daga ƙauyen da ke kusa rai ya yi halinsa, mai ragon ya tafka asarar da ba wanda zai biya shi.

Riƙe wuƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Labarin kafuwar sarautar Daura kansa yana cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita, kuma iyayenmu sun yi fatauci da wuƙa cikin kube a ɗaure a damtse ba tare da an kira su 'yan ta'adda ba. Sai dai zamani ya sauya, ni ma ba zan kare mai yawo da doguwar wuƙa a ƙugu cikin gari ba. A nan ne mai naɗewa ta fi dacewa, domin kaifinta yana kwance cikin mariƙinta, ba ta yaga aljihu, ba ta yankar mai ita idan ya sunkuya, kuma irin wadda muke riƙewa sai an sa hannu biyu an natsu kafin ta buɗe. Mai niyyar sara ba ya son abin da zai ɓata masa lokaci, shi ya sa idan aka baje makaman da aka ƙwace daga hannun ɓata-gari, adduna da gariyo da dogayen wuƙaƙe aka fi gani.

Wuƙaƙe masu naɗewa tun asali domin aiki aka ƙera su. Okapi, mai zoben da ake ja kafin a rufe ta, an fara yin ta a garin Solingen na Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, daga baya a 1988 aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu. Opinel ta Faransa ta samo asali a 1890 a matsayin wuƙar manoma, ita kuma Victorinox ta Suwizalan, mai haɗe da mabuɗin gwangwani da sukundireba, an soma yi wa sojojin ƙasar ita a 1891 domin buɗe abincin gwangwani da kwance bindiga. Gaskiya ne Okapi ta yi ƙaurin suna a hannun 'yan daba a Afirka ta Kudu, kuma ba zan ɓoye wannan ba, amma ita ɗin ce dai a hannun makiyaya da masunta da ma'aikatan gona a can.

Wasu ƙasashe sun warware matsalar raba wuƙar aiki da ta ɓarna da awo. A Ingila, dokar da aka yi a 1988, kamar yadda kotuna suka fassara ta, ta yarda mutum ya ɗauki wuƙa mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta kullewa idan an buɗe ta, abin da ya zarce haka sai da dalili karɓaɓɓe, kamar na sana'a. Ba na cewa mu kwafo dokarsu yadda take. Sharaɗin hana kullewa ma ban gamsu da shi ba, domin duk wanda wuƙa ta taɓa rufewa a kan yatsunsa yana tsakar yankan igiya mai kauri ya san makullin nan kariya ce ga mai aiki. Abin koyi shi ne kowa ya san iyaka, mai bincike ya sani, wanda ake bincika ya sani, babu wurin ciniki a bakin hanya.

Mu masu riƙe ta ma akwai abin da ya hau kanmu. Hadisi ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau a kasuwa ko masallaci ya kama tsininsu kada ya ji wa wani rauni, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami. Saboda haka wuƙa ta zauna a naɗe cikin aljihu sai lokacin aiki, kada a fito da ita ana gardama ko da mangwaro za a yanka, kada a je da ita taron siyasa ko gidan kallon ƙwallo, kuma matafiyi ya sani ba a shiga jirgin sama da ita a jiki. A riƙa wasa ta a dutse, domin dakusasshiyar wuƙa ce ke sa mutum ya danna da ƙarfi har ta goce ta same shi, ga kuma umarnin addini na wasa wuƙa domin hutar da abin yanka. A shafa mata ɗan mai saboda tsatsa, musamman da damina, a wanke ta kafin ta taɓa abinci, kuma a daina ba da aronta ana yankan farce, tun da ciwon hanta yana bin jinin da ya saura a kaifi. Yaron da ke zuwa makaranta kuwa ba shi da abin yi da ita.

Roƙona ga Majalisar Dokokin Jihar Katsina da hukumomin tsaro shi ne su zauna da shugabannin kasuwanni da sarakunan pawa da ƙungiyoyin direbobi da na makiyaya, a tsayar da tsawon kaifin da aka yarda mai sana'a ya ɗauka, a fayyace wuraren da ba a shiga da wuƙa ko wace iri ce, sannan a sanar da hakan da Hausa a gidajen rediyo da masallatan Juma'a. Idan kuma har ya zama dole a karɓi wuƙar wani a shinge, to a rubuta masa takarda mai ɗauke da sunan ofishin da zai je ya karɓi abinsa.

Wassalam.

Naka,
Wani mai sayar da hatsi,
Daura, Jihar Katsina.