Motsa jiki kaɗai bai isa ba, a riƙa yi mana bayanin abinci

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili. Ina da ciwon suga, na kwana biyu ina zuwa motsa jikin da ake haɗa masu suga da hawan jini, kuma gaskiya jikina ya saki, amma fa ba wanda ke ce mana uffan kan abinci. Rannan wani dattijo ya yi allurar insulin, wato mai sauke suga, ya fito bai karya ba, muna cikin tafiya sai gumi ya keto masa hannunsa na karkarwa, ashe suga ne ya sauka, da ƙyar muka samo masa alewa. Ana tashi kuma ka ga mutum ya kafa kai ya shanye lemun kwalba wai ya gaji!

Kowa ya haddace motsa jikin minti 150 a sati da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, to ai ita ɗin ce ta ce gishiri kar ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya kenan, har da wanda ke ɓoye cikin abincin gwangwani. Masu shirya abin nan, ko minti goma ne ku kawo ma'aikacin lafiya ya zauna da mu kafin a fara.

Taku mai karatu kullum.