Zuwa ga Mutumina na Gadon Ƙasa

Assalamu alaikum mutumina,

Ya karatu, ya sanyin Alƙahira? Mu dai nan Gombe hunturu ya shigo da ƙarfinshi, leɓe duk ya tsattsage, kowa ka gani fari fat kamar an tono shi. Umma na gaishe ka, har yau in zancenka ya taso "yaron nan mai cinye min ƙuli" take ce maka.

Tun Laraba na saurari saƙon muryarka, sau uku ma na saurara. Na danna zan mayar maka sai naga abun ya fi ƙarfin minti biyu, shi yasa nace bari in zauna in rubuta, in ka gaji da karantawa ka aje ka dawo. Wurin da ya tsaya min shine inda kace wai mu ne jarumai, kai ka gudu ka bar mu, kuma abun na damunka har yanzu. Haba malam. Wace jarumta? Wallahi da Baba na da ƙani a Kano irin naka ko silifas ba zan tsaya ɗauka ba. Abun da ya zaunar da ni buhun wake ne, Baba ya riga ya sayar ya biya kuɗin WAEC, da na kira shi da wayar Baba mai gadi ina rawar murya cewa yayi mutuwa ko a ɗakin uwarka kake zata same ka, ka zauna ka rubuta jarrabawarka. Daga baya Umma ke faɗa min ranar ko tuwo bai ci ba.

Ai kai ma ka sha naka rabon kafin ka tafi. Ka manta lokacin harin Boko Haram a makarantar Mamudo a watan Yulin 2013, sai kwalejin noma ta Gujba, duk muna ji a rediyon Kchibo ɗin Baba mai gadi muna cewa Allah ya kyauta, kamar abun a wata ƙasa yake. Buni Yadi ce ta shige mu, 25 ga Fabrairun 2014, yara 59, don su ma 'yan kwana ne irinmu, a ɗakin kwana aka same su cikin dare. Tun daga ranar ban ƙara kwana babu takalmi a ƙafa ba, kai kuma kana gadon ƙasa kana min tsiya wai sandal ɗina na zubo maka ƙasa a fuska. Mu biyu ne fa muka lanƙwasa rodin tagar baya da ƙafar gado, malamin gidanmu da a da bulala goma zai yi maka akan ƙaramin abu ya shigo ya gani ya kau da kai, har yace a ƙara buɗa shi don masu jiki. Ramin shingen da muke bi mu je sayen awara da rake, wanda aka sha kora mutane gida a kanshi, shi ya koma hanyar da firinsifal da bakinshi yake nuna ma 'yan aji ɗaya. Sai ga Chibok a Afrilu, 'yan mata 276. Sai kuma Ebola ta zo ta ɗage mana komawa makaranta, ka tuna daren da aka tashe mu wankan ruwan gishiri? Ni har sha nayi, kwana biyu ina zarya bayan gida.

To bari in ɗauko maka daga inda ka tsaya. Ranar Talata 4 ga Nuwamba suka shiga Nafada suka wuce kamfanin siminti na Ashaka suka kwashi nakiya da motoci, Litinin 10 ga wata bam ya tashi a wurin asambuli a makarantar kimiyya ta Potiskum, kwana biyu bayan nan Abbanka ya zo da Golf ɗin nan tashi ya ɗauke ka, ko akwatinka baka tsaya ɗauka ba. Kana tafiya aka soke asambuli gaba ɗaya. Tunda ance wanda ya tada na Potiskum kayan makaranta ya saka, sai kowa ya koma kallon fuskar kowa, an hana jaka, littafi a hannu ko a farar leda, in baƙon yaro ya doso get sai an tsayar da shi daga nesa ya ɗaga riga. 'Yan bautar ƙasa biyun nan da suka rage, mai Fiziks da mai Turanci, da asuba suka bi motar farko, ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Malamin lissafi shi ya haɗa Fiziks da Kemistiri ya riƙe, in ya kai inda ya kakare sai yace "yara, nan wurin mu karanta tare", mu buɗe littafin tsofaffin tambayoyi muyi ta lalube. Na fi ganin girmanshi a wannan lokacin akan duk shekarun da yake mana kurin shi ya san komai.

Firef na dare ma ya mutu. Ba a tada janareta, ba a kunna tocila a waje, ko sunansu ba a kama wa, "yaran nan" ko "mutanen" kawai ake cewa. Ana idar da isha'i sai mu zagaye Baba mai gadi a gindin tsamiya, takwas da rabi BBC, ya rage murya can ƙasa, shi da kwari da bakanshi da wata tsohuwar adda wai da su zai tare mana get. Maharban ƙauyen suka fara zuwa suna kwana a bakin shinge da bindigar toka, kowa ya sha layu har wuya, musamman da aka ji maharba sun taimaka an ƙwato Mubi sai kansu ya ƙara girma. Mu ke haɗa musu kuɗin goro da batir, naira ashirin ashirin.

Akwai daren da ba zan manta ba, kuma dan Allah kar kayi dariya da yawa. Wajen ƙarfe biyu muka ji ƙara gararam daga wajen kicin, wani ya kwatsa ihu "sun zo", kafin kace me ɗaki ya zama wayam, ni ban ma san ta tagar na fita ko ta ƙofa ba, na dai tsinci kaina cikin gonar dawa da aka girbe, kututturen kara na sokar ƙafa, ƙarangiya ta cika min wando. Muka kwana kwance a kunya cikin sanyin nan babu mai tari. Da gari ya waye ashe jakin Baba kuku ne ya tsinke ya ture langa-langan da aka jingine. Hedboi da ke mana tsawa kullum a saman bishiyar kanya aka same shi, ya kasa saukowa. An yi dariya har da hawaye, amma fa wani ɗan aji biyu ya karye a hannu, wani kuma sai la'asar aka gano shi a rugar Fulani, daga ranar aka daina buga ƙararrawa bayan magariba.

Na gasken ya zo ranar Alhamis 4 ga Disamba, da suka shiga Bajoga. Da safe ne, muna layin koko, muka fara jin dum dum daga can, ba irin na jaki ba, wannan a ƙirji kake jinshi. Abun mamaki babu wanda yayi ihu. Firinsifal ya fito da jallabiya ko hula babu, yace kowa ya cire yunifom, a rabu ƙungiya ƙungiya, kowane babba ya riƙe ƙanana biyar, kar a bi titi. Ni aka haɗa ni da yara shida da ɗan Billirin nan na ajinmu, golanmu. Ka san abun da ake tsoro game da shi, sai na ciro hulata na kifa mishi, wani ya bashi jallabiya, muna tafe cikin gona ina biya mishi Fatiha yana maimaitawa, yana kaiwa tsakiya ya ɓata sai ya koma farko, ƙarshe yace in dai an tare mu kawai ince kurma ne. Mun yi tafiyar da ban san iya nisanta ba, jirgin yaƙi ya wuce ta kanmu yaran suka zube ƙasa. A wata ruga wata dattijuwa ta dama mana fura a ƙwarya babba, ta ga ɗaya daga cikin ƙananan da gajeren wandon makaranta don bashi da wani, ta shiga bukka ta ɗauko na jikanta ta bashi, namu ta cusa a ƙarƙashin tukunya. Ko sunanta ban tambaya ba, abun na ci min rai. Sai bayan isha'i muka samu motar gawayi ta kawo mu Gombe. Golan namu yanzu yana aikin asibiti, in mun haɗu har yau "kurma" nake ce mishi.

Gidan ma ba wani kwanciyar hankali, 22 ga Disamba bam ya tashi a tashar Dukku, ranar kuma kasuwar Bauchi ta kama. Da muka koma a Janairu ko rabi bamu kai ba. Amma an ƙaru da wasu, yaran da suka gudo daga Damboa da Gwoza da Buni Yadi, babu takarda babu akwati, firinsifal yace a basu gado kawai. Ɗaya aka bashi gadonka. Bai taɓa kwana a kai ba, a bakin ƙofa yake zama ya jingina da bango har asuba, in an ji ƙara shi muke kallo, sai yace wannan taya ce, ko yace wannan nesa ne ku kwanta, kuma mu kwanta ɗin. Bai cika magana ba, Hausarshi ma da Barbarci a ciki, amma lissafi kamar aljani, shi ya koya min abun da na rubuta a WAEC. Ban taɓa tambayarshi ina iyayenshi ba, shi ma bai faɗa ba, ranar bizitin dai sai ya ɗau bokiti ya tafi rijiya ya daɗe.

Wani abu kuma da zai baka mamaki, siniyoriti ya mutu murus. Wa zai aiki yaro ɗiban ruwa da dare? Wanda ka riƙe hannunshi kuka yi gudu tare ai baka iya sa shi kamun kunne. Gabza kuma ta wadata tunda mutane sun ragu, har ƙari ake yi, miyar kukar dai tana nan tsararo yadda ka barta, kana hango fuskarka a ciki.

An ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, kuma a ranar 14 ɗin ne suka taso ta Dadin Kowa suka doshi cikin Gombe suna watsa takardu wai kar a fita zaɓe, ranar na kasa samun kowa a gida a waya sai dare. Haka dai muka lallaɓa har jarrabawa. Firaktikal na Kemistiri a allo muka koye shi, malam ya zana kwalba ya zana ɗigo yace ku ɗauka ya canza kala, ranar jarrabawa ne na fara riƙe abun a hannuna yana rawa. Turanci da Fiziks suka kayar da ni, sai da na sake zama shekara ta gaba, kai lokacin har ka yi nisa. Ka ga jarumtar kenan.

Watan jiya na kai ƙanina can, aji ɗaya zai fara. An zagaye makarantar da katangar bulo, an sa waya mai ƙaya a sama, tagarmu an mayar da rodin an yi mishi walda, na tsaya ina kallo har yaron yace Yaya lafiya? Nace mishi ya nemi gadon kusa da ƙofa, bai gane ba, ban kuma yi mishi bayani ba. Tsamiyar na nan. Baba mai gadi Allah ya yi mishi rasuwa shekara uku da suka wuce, ka sa shi a addu'a. Wancan yaron na gadonka kuwa na yi cigiya har na gaji, wani yace ya ganshi a Maiduguri yana gyaran waya, in ka ci karo da mai kama da shi a Facebook ka turo min.

Akwatinka yana gidanmu fa, Umma na zuba kuka da kuɓewa busasshiya a ciki, tace sai dai ka zo da kanka ka karɓa. Garin kwakin da sugan da ke ciki mun cinye tun daren da ka tafi, gwangwanin kifin ma haka, wannan kam ka yafe. In zaka dawo hutun bana ka faɗa min da wuri in zo Kano in tare ka, kuma ka taho min da jallabiya mai ruwan toka, lamba 56.

Naka,
na gadon sama