Zuwa ga mutumina na Agadas

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya iyali, ya zafin Agadas? Tun ƙaramar salla ko gaisuwa babu, sai ka ce da kai aka gina garin.

Albishirinka! Fankar Hajiya ta kwana tana juyawa har asuba, da batirin da na haɗa da hannuna. Tsofaffin baturan laftof na ɓare, na ciro 'yan ƙananan baturan litiyom ɗin nan da ake kira 18650, na auna su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya gaza bolt 2.5 na ware shi. Na jera su hawa uku, bolt ɗin kowane hawa na ƙaruwa kan na ɗan'uwansa, cikarsu ta zama bolt 12.6, tunda 4.2 ce iyakar kowanne. Ka zarce haka, gobara kake nema.

Cajin ne ya ba ni aiki. Farantin sola da ake ce wa na bolt 12, idan rana ta take wajen 18 yake bayarwa. Da LM317, ɗan abin rage bolt, na fara, irin yadda Oga ya koya mana. Yana yi, amma lissafa da kanka: daga 18 zuwa 12.6 a amp ɗaya, sama da wat 5 ke tafiya a zafi kawai. Ƙarfen da na ɗaura masa ko taɓuwa ba ya yi, kamar murfin tukunya. Sai na koma XL4015, wani allon rage bolt mai 'yan shuɗayen maɓallai da ake murɗawa da sukundireba, ɗaya na bolt, ɗaya na amp. Da ma kana kusa ka ga mita! Amp ya tsaya cak, bolt yana hawa a hankali. Yana kaiwa 12.6 ya dakata, amp kuma ya fara sauka. Na ƙara BMS, allon da ke kula da baturan, don kada wani hawa ya riga 'yan'uwansa cika, da dayod don kada wutar ta koma baya da dare.

Af, an sa ranar ƙanenka, bayan babbar salla. Kawu ya ce in ba ka zo ba, kai da shi. Kuma mai shayinmu har yau yana cigiyar kuɗin Indomie ɗinsa.

Abin da ke damuna zafi ne. Litiyom ba a so a yi masa caji in ya wuce digiri 45, ga shi a Afrilu Kano kan haura 40 a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano. Ina so in manna tamista, 'yar na'urar jin zafi, a jikin baturan, ta yanke cajin da kanta idan suka ɗau zafi. Tsohuwa ce ke kwana kusa da akwatin baturan nan, hankalina ba zai kwanta ba sai na gama wannan.

Ku can wane iri kuka fi amfani da shi? Idan ana samun LiFePO4, wani nau'in batirin litiyom mai bolt 3.2, tambayo min kuɗin guda huɗu, don ya fi jure zafi. Amma ka guji masu rubutun 9900mAh a matsayin yawan cajin da suke ɗauka, 18650 na gaskiya bai cika wuce 3500 ba.

Hajiya na gaishe ka, ta ce ka taho mata da cuku.

Naka har kullum.