Rahoton Ayyukan Shekara: Haɗa Firinta da Sabar IBM i

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan'uwa mambobi.

A madadin kwamitin zartarwa, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta masu kula da kwamfutocin kamfanoni ta gudanar a shekarar da ta ƙare. Tarurrukan wata-wata sun gudana lafiya, alhamdu lillahi, maganar kuɗi kuma ma'aji zai kawo nasa bayanin. Abin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne firinta, don haka a kansa za mu fi tsayawa.

Sabar (wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) da wasunmu ke riƙe da ita a wuraren aikinsu, kamfanin IBM ya fito da ita a 1988 da sunan AS/400, ta koma iSeries a 2000, tun 2008 kuma tsarinta ke amsa sunan IBM i. Har yau lissafin albashi da na kaya a sito yana tafiya a kanta ba gargada. Tsofaffin firintocin da aka haɗa mata da tsohuwar wayar haɗi ta IBM mai suna twinax su ne ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kayan gyaransu kuma sun yi wuya. Sai kamfani ya sayo firintar lesa ta ofis, ya ce a jona. A nan ake yin ta, domin sabar tana rubutu da tsarin haruffa na EBCDIC, sabuwar firinta kuwa tsarin haruffa na ASCII da yaren firinta na PCL take ji. Abin da ke sasanta su shi ne Host Print Transform, wani ɓangare na sabar da ke juya rubutunta zuwa yaren firinta, kuma a kansa muka yi bitar farko: a sa saitin TRANSFORM a kan *YES, a zaɓi samfurin firintar da ya dace a saitin MFRTYPMDL.

Bita ta biyu ta ɗauki zafi, don kowa da hanyar da ya saba. Wasu na buɗe layin jiran bugu na nesa da umarnin CRTOUTQ, su tura takardu ta hanyar sadarwar bugu ta LPD a tasha (port) ta 515. Wasu na barin firinta a jikin kwamfutar wani ma'aikaci, ranar da ya kashe ta ya tafi gida aiki ya tsaya cik. Kwamiti ya ba da shawarar a ƙirƙiri firintar a cikin sabar da umarnin CRTDEVPRT a tasha ta 9100, da direban (manhajar da ke sarrafa firinta) PJL ko na SNMP. Dalilinmu shi ne ta wannan hanya sabar na samun labari idan takarda ta ƙare ko ta maƙale, kuma ana iya sake buga wasu shafuka kaɗai ba sai an maimaita rahoto dungurungum ba. Wanda ya taɓa ganin asarar takarda a ƙarshen wata ya san amfanin wannan.

A ziyarar taimako da muka kai wani sito na 'yan sari, mun tarar da motoci jere a bakin ƙofa, direbobi na jiran rasit, manaja kuma ya riga ya yanke hukuncin sabar ta lalace. Da aka duba layin jiran bugu da umarnin WRKOUTQ, ga takardu nan cike da layi, ko ɗaya bai ɓata ba. Ashe an ɗauke wuta, da janareta ya tashi sai firinta ta karɓi sabon adireshin IP, wato lambarta a kan hanyar sadarwa, sabar kuma na ta neman tsohon. Aka ba ta adireshi na dindindin, aka amsa saƙon da ke jira a QSYSOPR, layin saƙonnin mai kula da sabar, aka tayar da ita da umarnin STRPRTWTR, rasit ya fara fitowa. Muna roƙon kowane mamba, don Allah, kada ya bar firintar sabar a kan DHCP, tsarin da ke raba adireshin IP kai tsaye, ba tare da an keɓe mata adireshinta ba.

Girman takarda ma ya ba da wahala. Tsofaffin rahotanni an tsara su ne da faɗin haruffa 132, don doguwar takarda mai ramuka a gefe. Idan ba a gyara saitin girman takarda na PPRSRC1 zuwa *A4 ba, kuma ba a kwantar da shafin ba, gefen dama ne ke yankewa, nan ne kuwa jimillar kuɗi take.

Akwai abin da har yanzu ba mu warware ba. Tsarin haruffa na CCSID 37 da yawancinmu ke amfani da shi ba shi da ɓ, ɗ, ƙ, ba shi da alamar ₦. Sunan ma'aikaci na fitowa ba lanƙwasa a takardar albashinsa, kuma wannan bai yi mana daɗi ba. Mun ɗora wa ƙaramin kwamiti ya gwada hanyar Unicode, tsarin haruffan da ya ƙunshi waɗannan alamomi, ya kawo sakamako a zama na gaba.

Baɗi, in Allah ya kai mu, za mu rubuta jagora da Hausa, mu kuma haɗa kowane matashi da dattijo ɗaya cikin waɗanda suka daɗe a kan wannan saba, domin mafi yawan ilimin a kawunansu yake, wasunsu kuma sun kusa ritaya. Kowane mamba ya turo wa ofishin sakatare samfurin firintarsa da saitin da ya yi masa aiki kafin babban taro.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya