A gyara yadda ake ba da labarin ƙwayoyin gado: darasi daga ƙwaƙwalwar tsuntsaye

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na ɗauki alƙalami ne saboda wani salo da ya zama ruwan dare a labaran kimiyya, har da waɗanda kuke bugawa, inda ake cewa masana sun gano ƙwayar gadon hazaƙa ko ƙwayar gadon magana, sai mai karatu ya tashi da fahimtar cewa ƙwayar gado hukunci ce da aka yanke tun mutum yana ciki. Akwai fagen bincike da ya shafe kusan shekara hamsin yana nuna cewa lamarin ya fi haka zurfi, kuma da wuya a ji labarinsa da Hausa, wato binciken ƙwaƙwalwar tsuntsaye masu rera waƙa.

Dalilin da ya sa masana suka zaɓi waɗannan tsuntsaye shi ne suna cikin halittu ƙalilan da sai sun koyi muryarsu. Zakara ko a keɓe ya girma zai yi cara, amma kanari da danginsa sai sun saurari manya, sun yi ta kwaikwayo. Wani ɗan tsuntsu na ƙasar Ostareliya da masana ke kira zebra finch shi ne aka fi yin gwaji da shi. Namijin yakan fara da gwaranci a hankali, cikin sautin da ba shi da kan gado, yana gwadawa yana gyarawa, har zuwa wajen kwana 90 da ƙyanƙyashewa, lokacin da waƙarsa ke zama daram, mai kama da ta ubansa. Idan aka raba shi da manya tun yana ƙarami, waƙar da zai tashi da ita gurguwa ce.

Fernando Nottebohm na Jami'ar Rockefeller da ke birnin New York shi ne ya buɗe ƙofar. A 1976 shi da Arthur Arnold suka nuna cewa sassan ƙwaƙwalwar da ke sarrafa waƙa sun fi girma a namiji fiye da mace. A 1981 ya gano cewa a kanari waɗannan sassa suna girma a lokacin barbara, su ƙanƙance bayan ya wuce, sannan a 1983 shi da Steven Goldman suka nuna cewa ƙwaƙwalwar balagaggen kanari tana haifar da sababbin ƙwayoyin jijiya, abin da yawancin masana a lokacin suke ganin ba ya yiwuwa.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina ya zo ne a 1992. Kusan kowace ƙwayar halitta a jiki tana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, sai dai ba dukansu ke aiki a lokaci guda ba, kamar gida mai ɗakuna da yawa, kowane ɗaki da fitilarsa, amma wasu ne kawai ke kunne. Claudio Mello da David Vicario da David Clayton sun ajiye tsuntsu a wuri mai shiru, suka kunna masa waƙar da aka naɗa, sannan suka duba yankakkun sassan ƙwaƙwalwarsa. Sai suka tarar wata ƙwayar gado mai suna ZENK ta farka a sashen ji cikin kimanin rabin sa'a. Farkawar ta fi ƙarfi idan waƙar ta jinsinsa ce, ta ragu idan ta wani jinsi ce. Daga baya aka ga cewa idan aka yi ta maimaita masa waƙa ɗaya, ƙwayar takan lafa, amma da zarar an kawo sabuwa sai ta sake tashi. Ma'ana, abin da ya shiga kunne ya isa har can cikin ƙwayar halitta ya sauya aikinta.

Wani masani mai suna Erich Jarvis ya ƙara gaba a 1997 da 1998. Ya nuna cewa rera waƙar ita kanta tana tayar da ZENK a sassan da ke sarrafa murya, kuma abin ban mamaki, a wani sashe da ake kira Area X, tashin ya dogara ne da wanda ake rera wa. Idan namiji yana rerawa shi kaɗai, kamar mai bita, ƙwayar takan yi aiki sosai; idan kuwa yana rera wa mace ne, sai aikin ya yi ƙasa, alhali kunnen mutum da ƙyar zai bambance waƙoƙin biyu.

Ita ma FOXP2, wadda kafafen labarai suka laƙaba wa suna ƙwayar gadon magana bayan an gano a 2001 cewa ta samu lahani a wani iyali a Ingila da ke fama da matsalar furuci, tana nan a ƙwaƙwalwar tsuntsu. A 2007 ɗakin binciken Constance Scharff a Berlin ya rage aikinta a Area X na ƙananan tsuntsaye, sai suka kasa kwaikwayon babban tsuntsun da suke koyon waƙa a wurinsa daidai, suna tsallake wasu gaɓoɓi suna ɓata wasu. Ba su zama bebaye ba, koyon ne ya samu tangarɗa. An kammala karanta dukan ƙwayoyin gadon zebra finch a 2010, kuma a 2014 aka nuna cewa gomman ƙwayoyin gado suna aiki iri ɗaya a sassan waƙar tsuntsu da sassan maganar ɗan Adam.

Ba na so a wuce gona da iri. Waƙar tsuntsu ba ta da kalmomi masu ma'ana irin namu, kuma abin da aka gani a kanari ba ya zama magani ga yaro kai tsaye. Haka nan ya kamata a faɗa wa mai karatu gaskiya cewa yawancin waɗannan gwaje-gwaje sai an kashe tsuntsun kafin a duba ƙwaƙwalwarsa, abin da ke wajabta wa masana su taƙaita adadi su kuma guji azabtarwa. Duk da haka, iyayen da ɗansu ya yi jinkirin magana sun cancanci su ji cewa sauraro da kwaikwayo da zama cikin mutane suna taɓa aikin ƙwayoyin gado, maimakon a bar su da zaton an riga an gama.

Roƙona shi ne, duk lokacin da za ku buga labarin wata ƙwayar gado, wakilinku ya tambayi masanin abu uku: a wane sashen jiki take aiki, a wane lokaci, kuma me ke tayar da ita. Ina kuma fatan za ku ware wa wannan bincike shafi guda a fagenku na kimiyya.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum